Sirrin da Kwamanda Ya Binne a Bango

A kowane dangi akan sami mutum guda da ba a ba wa ajiyar abin da zai fashe. A dangin da wannan labari ya shafa, mutumin shi ne wanda ake kira Kwamanda. Bai taɓa shiga soja ba, bai kuma taɓa yin gadi ba. Magatakardan sito ne a wata masana'antar sabulu har ya yi ritaya. Sai dai a shekararsa ta ƙarshe an tura shi bitar kwana uku a kan tsaro, aka ba shi takardar shaida mai jan hatimi. Tun daga ranar bai sake shiga gidan kowa ya fita ba tare da ya nuna wa mai gidan ta inda ɓarawo zai shigo masa ba. Mutane suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Babbar yayarsu, wadda duk suke kira Yaya, ungozoma ce a wani asibiti mai nisa, saura mata 'yan watanni ta ajiye aiki. Ta fara gina gidan da za ta huta a ciki, har an yi rufi, sai ya zama dole a sami mai tsayawa a kan ma'aikata. Kowa ya ɗauka Auta za a ba wa, wato ƙaramar ƙanwarsu, malamar makaranta wadda ko allura ba ta taɓa ɓatarwa ba. Kwamanda ya riga kowa zuwa gaban Yaya, takardar shaidarsa a cikin leda.

"Yaya, shekarata hamsin da takwas, ba a taɓa damƙa mini komai a danginmu ba. Ko taro aka yi, kujeru ake ba ni in jera."

"Kujerun ma ai duk ka jera su suna kallon ƙofa, mai jawabi yana bayanmu."

"Saboda tsaro ne."

Yaya ta dube shi ta saman tabarau har ya fara gyara zama. Sannan ta zaro makullan ginin ta ajiye a tafin hannunsa.

"Ga su. Amma ka ji ni da kyau, ƙanena. Ranar da na zo na tarar da ɓarna, a gaban ko wane ne zan karɓe su in miƙa wa Auta."

Kwamanda ya damƙe makullan. Auta dai shi ya goya ta, shi ya koya mata ɗaure takalmi. A ce ya koma neman izininta kafin ya shiga ginin yayarsa, wannan ba abin da zai iya ɗaga kai bayansa ba ne. Ya rataya makullan a ƙugu, inda za su riƙa ƙara idan yana tafiya, ya yi wa kansa alkawarin cewa gidan nan zai zama wanda ɓarayi za su riƙa ba 'ya'yansu labari.

Mai wayarin, wato ma'aikacin da aka ɗauka ya ja wayoyin wuta, mutum ne mai sanyin magana. Da Kwamanda ya lissafa masa abin da yake so, kyamarori da jiniya da lasifika da na'urar jin motsi da get mai kulle kansa, sai ya gyaɗa kai ya ce duk mai yiwuwa ne.

"Yanzu ne ma lokacinsa, ranka ya daɗe, tun ba a yi filasta ba. A tsaga bulo, a kwantar da fayif, a zura waya. Kowace waya in manna mata takarda a baki biyu, nan da can, in rubuta inda ta nufa. In zana maka taswira, mu ɗauki hoton kowane bango kafin a shafe shi."

"Taswira?" in ji Kwamanda. "Wasiƙa kake so mu rubuta wa ɓarawo? A bita an gaya mana, ba wanda ya san lagon gida kamar wanda ya gina shi."

"Ni ne ɓarawon ke nan?"

"Ban ce kai ne ba. Ban kuma ce ba kai ne ba. Ka ja wayar fitila da ta fanka, ka tsaya nan. Wayar tsaro ni zan ja da hannuna."

"To ko launi daban-daban ka saya, don ka riƙa bambancewa."

"Don ɓarawo ya san wadda zai yanke? Baƙa zan saya, duka."

Mai wayarin ya buɗe baki, ya dubi makullan da ke lilo a ƙugun Kwamanda, ya rufe bakinsa.

Ranakun da ma'aikata ba sa zuwa, Kwamanda yakan iso da guduma da cizal, ya dubi gabas ya dubi yamma, sannan ya shiga aiki. Lokacin ba a yi katanga ba, ba a sa tagogi ba, ginin a buɗe yake kamar rumfa. Daidai tsallaken titi akwai shagon wani tela, kekensa yana kallon ginin. A gefe kuma akwai wata maƙwabciya da ke shanya a saman beninta.

"Kwamanda, sannu da aiki!" in ji Tela. "Yau ma babu hutu?"

"Motsa jiki nake yi."

"Da cizal?"

"Likita ne ya ce."

Bai tsaya ga wayoyin gaske ba. Ga kowane fayif mai waya sai ya kwantar da wani na yaudara, wanda ya tashi daga babu ya nufi babu. Ya haƙa gurbi a bango ya ɓoye batirin da zai riƙe jiniya idan ɓarawo ya yanke wuta, ya haƙa wani gurbin ya ɓoye kwali marar komai. Taswirar duk a kansa take, kuma ba da ka ya haddace ta ba, alamomi ya yi mata. Wayar get tana taku uku daga ƙusar da magini ke rataye rigarsa. Ta ƙofar baya tana daidai durom ɗin ruwa. Kyamarar gaba tana saman tulin yashi. Batiri yana ƙarƙashin bulo mai tsaga, kusa da inda ake jingine baro. Ya maimaita su a hanyar gida har suka zauna masa kamar karatun yarinta.

Da mai filasta ya zo, ya zagaya ɗakunan yana neman bakunan fayif.

"Ranka ya daɗe, nuna mini inda wayoyinka za su fito, in bar musu kafa."

"Shafe duka. Kafa ai ido ce, ɓarawo zai gani."

"In na shafe fa, ko uwar da ta haifi bangon nan ba za ta gane shi ba."

"Ni zan gane."

Mai filasta ya ɗaga kafaɗa ya ɗebo kwaɓi. Aikinsa kuwa ba a magana. Ya mayar da kowane bango sumul kamar faranti. Aka sa tagogi, aka ɗaga katanga, aka yi fenti. Magini ya zare ƙusarsa ya tafi wani aikin. Yashi ya ƙare a cikin filasta. Mai durom ya zo ya ɗauki abinsa, baro ya bi shi.

Ranar da kayan tsaro suka iso a kwalaye, Kwamanda ya shiga ƙaramin siton da ke kusa da kicin, wanda ya raɗa wa suna Ɗakin Sirri, inda duk wayoyin suka taru. Ga su nan talatin da biyu suna reto daga bango, baƙaƙe, kamar an haife su rana ɗaya. Ya fito falo da ƙarfin gwiwa don ya auna taku uku daga ƙusa. Ya dubi bango. Bango ya dube shi, fari tas. Ya nufi inda durom yake, ya tarar da tayil. Ya tsaya a tsakar gida yana neman tulin yashi.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Yaya ce.

"Yaya aikin?"

"Ya wuce yadda kike zato, Yaya. Ni kaina da na tsara shi, in na shiga sai in rasa ta inda zan fara."

"Madalla. Nan da mako biyu ina tafe."

Ya aro injin huda bango. Da farko ya bi ta lalama: yana ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, yana manna kunne. Tela ya leƙo ta get ya same shi haka, kumatu a jikin fenti, ido a rufe.

"Bangon ne ba shi da lafiya?"

"Gwajin sauti ne. Ba fanninka ba ne."

"Allah ya ba shi sauƙi."

Huda ta farko ta faɗa kan fayif na yaudara, ta biyu ma haka. Ya ɗan ji alfahari, ganin yadda dabararsa ke aiki, kafin ya tuna wanda take yi wa aikin. Huda ta bakwai ta sami fayif na gaske, amma na ruwa. Ruwan ya fito da ƙarfinsa ya same shi a tsakiyar ƙirji. Maƙwabciya ta hango shi daga bene yana gudu zuwa tanki, riga a manne da jiki.

"Kwamanda, lafiya?"

"Tsarin kashe gobara nake gwadawa!"

"Ai kuwa yana aiki!"

Kafin mako ya zagayo bangon gidan ya sha huda sama da arba'in. Nan wata dabara ta zo masa. Ya sayo ƙananan akwatunan roba farare, duk ramin da bai haifi komai ba sai ya rufe shi da akwati, ya ce na'ura ce. Inda kuwa Allah ya sa waya ta leƙo, sai ya ɗaura mata abin da ke hannunsa, ba ya tambayar ta daga ina take. Haka wayar da ya yi niyyar ta tsare bayan ginin ta fito ta ɗaya fuskar bangon, cikin banɗakin baƙi, ita da ta lasifika. Ya dube su. Sannan ya ɗaura na'urar jin motsi da lasifikar a nan, yana cewa a ransa ɓarawo ma ai mutum ne, lalura tana kama shi. A Ɗakin Sirri kuma ya riƙa cusa baƙaƙen wayoyin cikin akwatin sarrafawa ɗaya bayan ɗaya, har wata koriyar fitila ta kama. Ya ɗauki wannan a matsayin amincewa.

Ranar zuwan Yaya bai bar abin tsakanin dangi ba. Ya gayyato Tela da maƙwabciya da duk wanda ke da ƙofa a layin, domin a bita an ce tsaron da aka sani ya fi tsoratarwa. Mai filasta ma yana nan, yana ƙarasa gyaran katanga. Yaya ta sauko daga mota bayan tafiyar awa shida, Auta na riƙe da jakarta. Ta shiga falo ta tsaya, tana bin fararen akwatunan da kallo: bakwai a bango ɗaya, wasu a daidai gwiwa, ɗaya a bayan ƙofa.

"Waɗannan ƙurajen fa?"

"Idanu ne, Yaya. Gidanki ba ya barci."

Auta ta miƙa hannu za ta taɓa guda.

"Kul! Akwai wuta."

Ya jagorance su zuwa Ɗakin Sirri, mutane suna leƙe ta kafaɗar juna, ya kunna allon kyamarori. Allon ya rabu huɗu. Kashi na farko baƙi ƙirin, domin kyamarar tana cikin silin. Na biyu yana nuna sararin sama da wata tsuntsuwa. Na uku yana nuna shagon Tela, har da rigar da ya bari a kan keke.

"A'a, na gode!" in ji Tela. "Ashe ni aka yi wa."

Na huɗu yana nuna ƙeyar wani mutum mai sanƙo. Kwamanda ya matsa kusa don ya gane ko wane ne, ƙeyar ma ta matsa.

"Wannan," in ji shi, "don a tabbatar mai tsaron ma yana bakin aiki."

Bai bari dariyar ta yi nisa ba. Ya danna wasu lambobi yana kare su da tafin hannu, ya sanar cewa gida ya shiga halin tsaro, kuma shi da kansa zai zama ɓarawo don kowa ya gani. Ya ce a toshe kunnuwa. Ya zagaya ya turo ƙofar baya a hankali. Shiru. Ya rufe ta ya banko ta da ƙarfi. Shiru. Ya hau tagar kicin, cikinsa ya maƙale, ya faɗo cikin wurin wanke-wanke. Shiru. Ya bi ɗakunan da sanɗa, sannan da gudu, sannan yana ɗaga hannuwa yana tsalle a gaban kowane akwati.

"Yaya Kwamanda, mu sauke hannu daga kunnen?" in ji Auta.

"Na'urar ta san ni ne. Ba ta kama na gida."

Yaya ta juya. Gajiyar hanya ta ishe ta, ta tambayi Auta inda banɗaki yake, ta shiga ta ja ƙofa.

Jiniya ta tsage. Tsuntsayen layin suka tashi gaba ɗaya, get ya ja kansa ya kulle da ƙara, sannan daga cikin banɗakin muryar Kwamanda, wadda ya naɗa da kansa, ta fito da ƙarfin da ya girgiza tagogi:

"Kai ɓarawo! An gan ka! Kada ka motsa! Ajiye abin da ka ɗauka!"

Ƙofar ta buɗe. Yaya ta fito, tabarau a karkace, hannuwanta na ɗigar ruwa. Ta tako har gabansa.

"Me na ɗauka?"

"Yaya, ba da ke..."

"Kai ɓarawo! An gan ka!"

"Kashe shi."

Ya ruga Ɗakin Sirri ya danna lambobin, jiniyar ta sauya murya ta ƙara kaifi. Ya fizge waya ɗaya, shagon Tela ya ɓace daga allo. Auta ta je ta kashe wutar gidan daga mita. Fanka ta tsaya, jiniya ba ta ko yi tari ba.

"Kun gani?" ya yi ihu, don ko a nan bai iya daurewa ba. "Ko an yanke wuta tana yi!"

Mutane suka yi get, get ya ƙi. Maƙwabciya tana kururuwa ta bar tukunya a kan wuta. Tela yana girgiza ƙarfen yana cewa ga mai kaya can a ƙofar shagonsa. A waje kuma jama'a sun taru da sanduna, suna tambayar ɓarayi nawa aka kama, wani ya leƙa ta ƙasan get ya ce ya ƙirga ƙafafu sun fi ashirin.

Auta ce ta kira mai wayarin. Ya iso da tsaninsa, ya jingina a katanga, ya hau ya janyo shi ya sauko ciki, kamar wanda ya daɗe yana jiran wannan kira. Ya dubi baƙaƙen wayoyin sau ɗaya, ya sa baki a kunnen Kwamanda.

"Ina batirin?"

"Ƙarƙashin bulo mai tsaga! Kusa da baro!"

"Wane baro?"

Kwamanda ya juya dama, ya juya hagu. Ya ɗaga yatsa zai nuna, yatsar ta yi ta yawo a iska ta dawo.

"Batiri?" in ji mai filasta da ƙarfi. "Ai yana ƙarƙashin tagar falo, ni na shafe shi."

"Ina!" in ji Tela. "Wancan kwali ne, na yaudara. Na gaskiyar yana bayan ƙofar kicin. Ina kan keke ya sa shi, har ya buge yatsa."

"Gaskiyar Tela ce," in ji maƙwabciya. "Bulo na uku daga ƙasa. Ina shanya a ranar."

Mai wayarin ya auna bulo na uku ya sa cizal. Bugu huɗu, ga batiri. Ya zare waya ɗaya. Muryar Kwamanda ta tsaya a tsakiyar "kada ka mo", shiru ya sauka a gidan har ana jin ɗigar famfo.

"Wayar get fa?" in ji mai wayarin.

"Hagu da tagar gaba ta bi," in ji Tela. "Ta dama babu komai a ciki."

"Ta ƙofar baya kuma bai ƙarasa ta ba," in ji maƙwabciya, "ruwan sama ne ya kore shi."

Suka shiga nuna masa bango bayan bango, suna gyara wa juna, wani dattijo daga ƙarshen layi yana ƙara abin da suka manta. Aka buɗe get, maƙwabciya ta fita da gudu zuwa tukunyarta, sauran kuwa ba wanda ya motsa.

Yaya ta gyara tabaranta.

"Wato duk layin nan, mutum ɗaya ne bai san inda wayoyin gidana suke ba."

"Wannan ai shi ne cikar sirri, Yaya. Ko an kama ni an matsa mini..."

Ta miƙa hannu, tafin a buɗe. Ya dubi hannun, ya dubi jama'a. Ya kwance makullan daga ƙugunsa a hankali, zoben ya maƙale a madaurin wando, sai da Auta ta taimaka masa. Yaya ta karɓa ta miƙa mata.

"Ni fa?" in ji shi, murya ta yi ƙasa. "Ba abin da zan riƙe ke nan?"

Yaya ta dubi ƙanenta, rigarsa duk ruwan wanke-wanke, fenti a kumatu. Fuskarta ta ɗan sassauta. Ta nuna mai wayarin, wanda ya jingina tsaninsa zai hau silin ya ciro kyamarar da ke gadin duhu.

"Riƙe masa tsani."

Kwamanda ya je ya kama tsanin. Bai yi minti guda ba ƙirjinsa ya fara dawowa. Ya juya wajen Tela, ya saki hannu ɗaya don ya yi bayani.

"Mutane ba su sani ba, a harkar tsaro wanda ke ƙasa shi ne..."

Tsanin ya yi lilo. Daga cikin silin murya mai sanyi ta sauko:

"Kwamanda. Da hannu biyu."